Yadda Za Ka Gano Tarihin Kakanka Sojan Faransa

Fara da takardun gida. Nemi littafin sojansa, ka kwafe lambarsa, shekarar da aka ɗauke shi da sunan bataliyarsa. Lambar ta fi suna amfani, domin Faransawa sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji: Usman ya zama Ousmane, Yusufu ya koma Issoufou, Damagaram kuwa Zinder za ka nema. A nan yawancin masu bincike ke tuntuɓe.

Sai ka duba inda ya shiga soja, don shi zai nuna maka ɓangarensa a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Faransa ta rabu gida biyu. Chadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, ranar 26 ga Agusta 1940, Kamaru ta biyo baya washegari. Nijar kuwa tana hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus, har Nuwamba 1942, kafin ta koma wajen ƙawancen Ingila da Amurka.

In ya rasu a fagen daga, bincika shafin intanet na Mémoire des hommes, inda gwamnatin Faransa ta jera sunayen sojojinta da suka mutu a yaƙi. In ya dawo gida, rubuta wasiƙa da Faransanci zuwa ma'ajiyar takardun sojoji da ke garin Pau a ƙasar Faransa, ka haɗa da shaidar dangantakarku.