Yadda za ka zaɓi na'urar nuna hanya idan za ka ja motar kwana a Turai

Jama'a wannan na 'yan uwanmu ne da ke zaune a Ingila ko Jamus ko Faransa masu sha'awar ɗaukar hayar motar kwana, irin wadda ke da gado da kicin da ɗan banɗaki a ciki, a zuba iyali a tafi yawon hutu. Yawanci abin da mutum zai ce shi ne ai ina da Google Maps a waya, me kuma zan nema. Toh matsalar ita ce Google Maps da Waze ba sa tambayarka tsayin motarka ko faɗinta, su a wajensu ƙaramar mota kake ja, duk inda ya fi kusa nan za su cusa ka ko da ƙarƙashin gadar da rufinka ba zai wuce ba ne.

Don haka kafin ma a zo maganar wace na'ura za a saya, ɗauko tef ka auna motar da kanka. Kar ka tsaya kan abin da ke cikin takarda, domin takarda ba ta san an ɗora sola ko esi ko dish a kan rufi ba, ba ta kuma san an rataya kekunan yara a baya ba. Ka auna tun daga ƙasa har abin da ya fi komai tsawo a sama, faɗi kuma ka haɗa da madubai, sannan ka ƙara kamar santimita 10 don kwanciyar hankali. Ƙanana irin su VW California suna ƙasa da mita 2 kaɗan, amma manyan nan da ake ƙerawa a jikin Fiat Ducato suna kai wa wajen mita 3, wasu har su wuce. Ka rubuta lambobin a 'yar takarda ka manna kusa da sitiyari, kuma in Ingila za ka shiga ka rubuta har da ƙafa da inci don allunan gadojinsu da shi suke magana, mita 3 wajen ƙafa 9 da inci 10 ne, ba lokacin da gada ta tunkaro ka ba ne za ka fara lissafi a ka. Nauyi ma haka, lasin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, kuma da zarar an cika tankin ruwa an loda tukunyar gas da buhun shinkafa da akwatunan uwargida sai ka ga an kusa kaiwa.

Yanzu zaɓi. Akwai na'ura mai zaman kanta da aka yi musamman don irin motocin nan, Garmin suna da jerin Camper, TomTom kuma GO Camper. Za ka shigar mata da tsayi da faɗi da nauyi sai ta riƙa kauce wa inda ba za ka shige ba, taswirar tana cikinta ba ruwanta da data, fuskarta babba ce kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne don gilashin gaban motocin nan yana da nisa da direba, waya ƙarama sai ka yi ta leƙe. Illarta tsada kawai. In motar taka ce kuma duk bazara kana kan hanya, ni dai ita zan ce ka saya.

In kuwa haya ce ta sati ɗaya ko biyu, wallahi ba sai ka kashe wannan kuɗin ba. Sauke manhaja irin Sygic ta manyan motoci ko CoPilot, su ma suna karɓar girman mota, ana biyan kuɗi amma bai kai na na'ura ba, OsmAnd ma tana yi sai dai saitinta na da ɗan rikici, sai mai haƙuri. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne GPS ɗin kansa ba ya cin data, wayarka saurare kawai take daga taurarin ɗan'adam, na Amurka da Galileo na Turai da sauransu, taswirar ce ke cin data. Saboda haka ka sauke taswirar duk ƙasashen da za ka ratsa tun kana gida da wayfai, ko sabis ya ɗauke a cikin duwatsun Alps za ta ci gaba da yi maka magana. Ka nemi mariƙi mai ƙarfi da caja mai kyau, kar kuma ka bar wayar tana gasuwa a rana jikin gilashi, in ta yi zafi dushewa take ko ta mutu gaba ɗaya. Motocin da ke da gado a saman direba wani lokacin sukan tare sigina, in ka ga ɗigon da ke nuna inda kake yana ta tsalle matsar da wayar gaba sosai.

Ga misalin abin da nake gudar maka. A gefen Paris akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa ta A86 da ake kira Duplex, iyakarta mita 2, haka hanyar ƙarƙashin kogi ta Rotherhithe a Landan mita 2 ne tsayi da faɗi. Wuraren ajiye mota da yawa a bakin teku ma an gindaya musu ƙarfe a sama daidai wajen mita 2. Tsayin nan har aljihu yake taɓawa, a tolget ɗin Faransa ƙasa da mita 2 kuɗinsa daban, tsakanin 2 da 3 daban, daga 3 zuwa sama kuma an kai ka wani aji mai tsada.

Sai saiti. Kashe mata zaɓin hanya mafi gajarta, shi ne ke kai mutum lungun ƙauye inda sai ka yi ribas mai nisa da mota mai mita 7 ana ta maka hon, ka bar ta a mafi sauri, ka kuma hana ta bin hanyar da ba kwalta. Ka duba ko tana gargaɗi kan unguwannin da aka taƙaita shiga, irin ULEZ a Landan da sitikar Crit'Air mai nuna ajin hayaƙin mota a Faransa da ZTL a tsakiyar biranen Italiya, don a wurare da yawa kyamara ce ke ɗauka, tarar kuma sai ka dawo gida ta biyo ka. Gargaɗin kyamarar gudu kuwa ka kashe shi a Jamus da Suwizalan, doka ta hana.

Wajen kwana akasari ba shi da adireshin kirki, sai lambobin wuri, manhajar park4night na ba da su, amma ka lura salon rubutun lambar ya zo ɗaya da na na'urarka, in ba haka ba sai ta sauke ka a wata gona. Kuma duk tsadar abin da ka saya, taswira takan tsufa ko a manta ba a sa wata gada ba, don haka ka sabunta ta kafin tafiya, in allon bakin hanya ya ce mita 2.8 ita kuma tana cewa miƙe, taka birki ka nemi wajen juyawa.