Yadda Ake Tace Suna da Imel Kafin Su Shiga Rumbun Bayanai

1. Fara da share gurbin da ke gaba da bayan rubutu. Madannin waya kan ƙara shi ba a sani ba.

2. A imel, tabbatar akwai @, da rubutu gabanta da bayanta. Sashen farko kada ya wuce haruffa 64, duka adireshin 254. Mayar da sashen bayan @ ƙananan haruffa. Kada ka ce dole sai .com, ai na Nijar .ne ne.

3. Aika saƙon tabbatarwa. Kyan tsari ba ya nuna akwatin yana aiki.

4. Suna kuwa, a nan ake ɓarna. Dokar "A zuwa Z kawai" za ta kori Aïchatou, Sa'adatou da Abdoul-Aziz, ga su nan birjik a Yamai. Karɓi ɗ, ƙ, ɓ, ƴ, é da ï. A MySQL, manhajar rumbun bayanai, sa tsarin haruffa na utf8mb4; in tsarin da ka sa bai ɗauki Ɗ ba, Ɗanladi na iya komawa ?anladi.

5. Rubuta sunan yadda yake a katin shaida. Issoufou ya zauna Issoufou, kada ka gyara masa zuwa Yusufu.

6. Kada ka liƙa rubutun mutum cikin umarnin SQL (harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi) kai tsaye. Tura shi daban ta shiryayyen umarni (prepared statement), wanda ke raba umarni da bayanan da aka shigar. Maimaita binciken a saba (server), kwamfutar da ke karɓar bayanan, don ana iya tsallake na burauza.