Yadda za a gane ko ido ne ke hana yaro karatu

Yaro ba ya kai ƙarar gani dishi-dishi, domin a zatonsa haka kowa ke gani. Don haka kafin a kira shi daƙiƙi, a zauna kusa da shi yana karatu. A lura ko yana ƙanƙance ido in ya kalli allo, ko manna littafi a fuska, karkata kai, rufe ido ɗaya, tsallake layi, ko kukan ciwon kai bayan ɗan karatu kaɗan.

Sai gwajin nesa. A zana harafin E baƙi a farar takarda, tsayi da faɗi milimita 18, kaurin kowane layi milimita 3.5. A tsayar da yaron mita 6 daga takardar, cikin haske sosai. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da dannawa ba, a riƙa juya harafin, shi kuma yana nuna inda ƙafafun harafin suka fuskanta. A maimaita da ɗaya idon. Nan ake yawan kuskure: in aka gwada idanu biyu tare, mai kyan yakan rufa wa raunannen asiri, alhali raunannen ido ya fi gyaruwa kafin shekara 7 zuwa 8.

Cin wannan gwaji bai wanke yaro ba. Wani yana ganin allo tar, amma rubutun kusa ne ke gajiyar da shi. A riƙe fensir nesan hannu, a kawo shi a hankali zuwa hancinsa. Idanun biyu su bi shi har kusan santimita 10. Idan ɗaya ya kauce gefe tun da nisa, ko ya ce fensir ya zama biyu, idanun ba sa haɗa kai wajen karatu.

Duk wanda ya kasa, ko mai harara-garke, ko farin tabo a ƙwayar ido, a kai shi asibitin ido, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ECWA a Kano. Za a iya ɗiga masa magani kafin awon tabarau, ganin kusa ya dushe na kwana ɗaya ko fiye. Ba matsala ba ce. Kada a sayi tabarau a kasuwa. Maganin ƙaiƙayin ido na kemis mai sinadarin dexamethasone kuwa, daɗewa ana ɗigawa yana iya jawo hawan jinin ido.

Idan likita ya ce ido lafiya amma yaro na rikita haruffa da sautinsu, tabarau ba zai taimaka ba. Malami mai koyar da haɗa baƙi a hankali yake buƙata.