Kama jirgi mara matuƙi da hannu lokacin sauka

'Yan uwa masu ɗaukar bidiyon biki, idan filin da kuke yashi ne ko ciyawa, gara a karɓi jirgin a hannu, domin ƙura na shiga injinan farfela da maƙalin kyamara.

Ka tsaya iska na bugun bayanka, yadda in ta tura shi zai yi nesa da kai. Juya kyamarar ta kalli gaba, ka sauko da shi daidai saman kanka, ya tsaya cak. Ƙananan jiragen kamfanin DJI irin su Mini da Mavic suna da na'urar gano ƙasa a ƙarƙashinsu, shi ya sa yake ɗagawa in ka kai hannu. Kada ka bi shi! Shimfiɗa tafinka a ƙarƙashinsa, ka ja sandar hagu ta rimot ƙasa, ka riƙe cikinsa da yatsu daga ƙasa, kada ka saki sandar sai farfelu sun mutu. Wasu na kifar da shi don ya mutu da wuri. Ni dai ban so, yana wahalar da maƙalin kyamara.

Farfela na yanka yatsa sosai, wallahi. A kori yara tukuna, a naɗe hannun babbar riga. Manyan jirage irin Inspire kuwa, kada a kama su da hannu, a nema musu tabarmar sauka.