Ciwon baya: yadda za ka ci moriyar gashin ƙashi ba sai an kai ga tiyata ba

Mutane da yawa in suka ji an ce gashin ƙashi, a zatonsu kwantar da su za a yi a ɗora musu na'ura mai zafi su tashi garau. Toh ba haka abin yake ba, ɗumin nan da tausa ɗan sassauci ne kawai, ainihin aikin yana wajen motsa jikin da likitan fisiyo, wato likitan gashin ƙashin, zai koya maka ka je gida ka riƙa yi, kuma nan ne yawancinmu muke lalaci.

Mu ɗauki ciwon baya tunda shi ya fi addabar jama'a, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a 2020 mutum wajen miliyan 619 ne ke fama da shi, kuma akasari yana lafawa cikin sati 6 ba a yanka kowa ba. Da farko dai kar ka lafe a gado ka ce sai ya warke, kwanciyar kwana da kwanaki ƙara sandarar da bayan take yi, gara ka riƙa ɗan tattaki ko na minti 10 ne.

In wajen ya ƙage, sa robar ruwan zafi a naɗe cikin tawul, minti 15 zuwa 20. Targaɗe ne sabo da kumburi? Ƙanƙara za ka sa, ita ma a cikin tsumma. Mai ciwon suga ya kula, wani fatarsa za ta ƙone bai ji ba.

Sai motsin. Kwanta rigingine ka jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, riƙe kaman daƙiƙa 20, ka canja ɗayar. Sannan ka tanƙwara gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama ka ƙirga 5 ka sauke a hankali, sau 10. Ɗan jan da za ka ji ba komai, amma in zafin ya harba har ƙafa, dakata ka faɗa wa likitan ya sauya maka wani, kar ka daure wai kai jarumi.

In kuwa ƙafa ta fara mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya dena ji, ko fitsari ko bayan gida ya ƙwace maka, wannan ba na gashi ba ne, asibiti za ka nufa a ranar.