Darasi na 7: Allurar Barci Kafin Tiyata

Idan za a yi wa mutum babban aiki a asibiti, yawanci akan sa shi barci. Wannan ba irin barcin dare ba ne. Magani ake ba shi ta jijiya, ko ya shaƙa ta wani murfi da ake kifa masa a hanci da baki, sai ya daina ji da gani har a gama. An fara nuna wannan dabara a bainar jama'a a birnin Boston na Amurka, ranar 16 ga Oktoba, 1846. Kafin nan ana yanka mutum ne idonsa biyu, ƙarti na danne da shi.

Mutane da yawa sun fi tsoron barcin a kan wuƙar. "Idan ban farka ba fa?" Tsoron ba laifi ba ne. Amma ka sani akwai likitan da aikinsa ke nan, yana tsaye a kanka tun farko har ƙarshe. Za a maƙala maka wata 'yar na'ura mai jan haske a yatsa, tana nuna yawan oksijin da ke jininka. A ɗaura maka abin awon jini a damtse, a manna wasu wayoyi a ƙirji don bin bugun zuciya. Ga mai ƙoshin lafiya, da wuya ƙwarai maganin barci ya zama ajalinsa. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da masu ciwon zuciya ko huhu, da wanda aka shiga da shi cikin gaggawa.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Idan an ce kada ka ci komai, to kada ka ci. Yawanci ana hana abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, sai dai in likitanka ya faɗi wani lokaci daban. Dalili kuwa, mai barcin magani ba ya iya tari ko haɗiya. Idan akwai abinci a cikinsa, zai iya dawowa ya gangara huhu, kuma wannan yana kisa. Uwa takan ga ɗanta yana kukan yunwa, tausayi ya kama ta, ta ba shi 'yar loma a ɓoye. Don Allah kada a yi haka. In kuwa an riga an ci, a faɗa. Gara a ɗaga aikin.

Kada ka ɓoye wa likita komai. Hawan jini, ciwon suga, asma, sikila, juna biyu, shan taba, minshari mai ƙarfi, haƙori mai girgiɗi, duk ka faɗa. Haka duk maganin da kake sha, har da na itatuwa. Idan wani a danginku ya taɓa shan wuya da allurar barci, ka ambata, domin akwai matsalar da ake gado.

Bayan ka farka za ka iya jin tashin zuciya, ko amai, ko rawar sanyi. Maƙogwaro kan yi kaushi saboda bututun numfashi da aka zura. Waɗannan kan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsoho kan ruɗe, ya kasa gane inda yake. A zauna kusa da shi, a sanar da ma'aikaciyar jinya.

Awa 24 na farko kada ka tuƙa mota ko babur, kada ka sa hannu a wata muhimmiyar takarda, kuma wani babba ya raka ka gida ya kwana tare da kai. Idan numfashi ya yi maka wuya, ko ƙirji na ciwo, ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti nan take.

Aikin gida: ɗauko kwalayen magungunan da kake sha, ka kwafi sunan kowanne a takarda, da sau nawa kake sha a rana. Ka zo da ita aji mu karanta tare.