Yadda za ka rubuta labarin duniyar da ta lalace

Marubutanmu na Wattpad da guruf-guruf na WhatsApp da yawa sun fara gajiya da labarin ɗan mai kuɗi da 'yar talaka, suna son gwada irin labaran nan na duniya ta lalace, kuma wallahi ina murna da hakan. Amma kafin ka fara taifin ka sani iri biyu ne, in ka cakuɗa su barkatai labarin ba zai zauna ba.

Na farko shi ne distofiya, inda hukuma tana nan daram, ƙarfinta ma ya wuce kima, akwai wuta akwai titi akwai albashi, amma ba ka isa ka faɗi abin da ke ranka ba ko a gaban ɗan cikinka. Na biyu kuma labarin bayan rugujewa ne, annoba ko yaƙin nukiliya ko fari ya share komai, babu gwamnati babu kasuwa babu asibiti, sai 'yan tsirarun da suka saura suna neman abin kaiwa baka. Kuma ba tashin ƙiyama ake nufi ba, wannan ka bayyana shi tun a shafin farko don kar masu karatu su yi maka wata fahimta, masifa ce ta faɗa wa mutane amma rayuwa ba ta ƙare ba. Toh ka tambayi kanka, jarumina doka yake tsoro ko rashin doka?

In distofiya ka zaɓa, aikinka na farko shi ne ƙaryar da hukumar take tsaye a kanta, dole ta zama ƙaryar da mutanen cikin labarin suka yarda da ita har suna godiya. Nan ne mutane suka fi faɗuwa, sai su kawo mugun shugaba mai jajayen ido yana ta kisa tun babi na ɗaya, wannan ai ba ya ba kowa tsoro. Duba abin da marubuci George Orwell ya yi a littafinsa mai suna 1984, wanda ya fito a shekarar 1949, aikin jarumin ma shi ne gyara tsoffin jaridu su dace da abin da gwamnati ta faɗa yau, kuma akwai wajen da aka rage rabon cakulan daga giram 30 zuwa 20, washegari aka sanar wai an ƙara shi zuwa 20, jama'a suka fito suna murna. Cakulan fa kawai! amma a nan ka gane an riga an kashe musu tunani. Irin wannan ɗan ƙaramin abu za ka nema. Sannan jarumin naka kar ya taso da tawaye tun daga zanin goyo, ya fi daɗi a ce shi ma ma'aikacin tsarin ne, yana ci a ciki, sai wani abu ya tsaya masa a rai. Kuma kar ka wahalar da kanka wajen ƙirƙiro zaluncin da ba a taɓa yi ba, marubuciya Margaret Atwood ta sha faɗa cewa duk abin da ta sa a littafinta na distofiya, The Handmaid's Tale na 1985, ya taɓa faruwa a tarihi.

In kuma bayan rugujewa ne, ajiye siyasa tukuna ka fara da ruwa. Wa ke riƙe da rijiyar burtsatse, da me ake tuƙa ta tunda babu fetur, jarka nawa gida ɗaya ke samu, me ake yi wa wanda aka kama ya saci iri. Ka zauna ka lissafa abin da zai fara ƙarewa, cajin waya da netwok kwana kaɗan ne, sai magani, batir, gishiri, ashana, kuɗin takarda kuwa ya zama shara, mai akuya biyu da buhun gero shi ne attajiri. Ba sai ka ɓata babi uku kana bayanin yadda masifar ta faru ba, a littafin The Road na 2006 marubucinsa Cormac McCarthy bai ma faɗi takamaiman abin da ya ƙone duniyar ba, uba ne da ɗansa kawai suna tura keken kayan kanti cikin toka, kuma ya isa.

Abin da ya fi damuna shi ne aro, sai ka ga labari da sunayen Hausa amma dusar ƙanƙara da gawarwaki masu tafiya irin na fim ɗin Amurka. Alhali muna da namu masifun, Tafkin Chadi ya ƙafe da kusan kashi 90 cikin ɗari tun daga shekarun 1960, kuma dattawan da suka ga farin 1973 a Nijar da arewacin Najeriya suna nan da rai, je ka zauna da su su faɗa maka abin da aka ci da yadda dabbobi suka zube a hanya. Nnedi Okorafor ma, marubuciya 'yar asalin Najeriya, a Sudan ta nan gaba ta ajiye labarinta na 2010, Who Fears Death.

In kana son haɗa biyun akwai hanya, ka fara da rugujewa, bayan shekara talatin wanda ya riƙe rijiyar nan ya zama sarki, ya kafa dokar da ba a tambaya, yaran da aka haifa a lokacin ba su san an taɓa yin wata rayuwa ba. Sai ka sa musu tsohuwa ɗaya da take tunawa.